Gidan Makama: da gaske ginin zamanin Rumfa muke gani yau?

Dan_Yakasai:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga masana tarihi da magina na wannan zaure. Kullum ana gaya mana Gidan Makama na Kano ya haura shekara 500, wai an gina wa Muhammadu Rumfa ne tun yana Makama, kafin ya hau gadon sarauta a 1463. Ni dai maganar ba ta shiga kaina ba. Ginin ƙasa ne fa. Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san idan aka bar katangar ƙasa damina kaɗan ba yaɓe, sai dai a zo a kwashe ta. To ta yaya soron ƙasa zai sha ruwan damina sama da 500 yana nan tsaye? A ganina filin ne tsoho, ginin kuwa na baya-bayan nan ne, ana faɗa ne kawai don a burge baƙi. Wanda ya san gaskiyar lamarin ya warware mana.

Bakanon_Dabo:
Wa alaikumus salam. Haba Ɗan Yakasai! A cikin badala aka yanke maka cibiya kake wannan magana? Gobe kuma sai ka ce Dutsen Dala ma shekaranjiya aka tara shi.

Dalibar_Tarihi:
Bakano, ka bar shi, tambayarsa tana kan hanya. Bari in fara da abin da ba gardama a kai. Abdullahi Burja ya yi sarautar Kano daga 1438 zuwa 1452, ɗansa Yakubu ya yi sarauta daga 1452 har 1463, sannan Muhammadu Rumfa ɗan Yakubu ya hau, ya yi mulki har 1499. Labarin da aka gada shi ne Rumfa ya riƙe sarautar Makama tun yana saurayi, aka gina masa wannan gida, da ya zama sarki kuma ya ci gaba da zama a ciki har aka kammala sabuwar fadar da muke kira Gidan Rumfa. Kafin nan mazaunin sarakuna yana can wajen Dala ne. Idan ka duba inda gidajen biyu suke, labarin yana da kama: taku kaɗan ne tsakanin Gidan Makama da Ƙofar Kudu.

Amma a raba abu biyu. Akwai asalin gidan, akwai kuma jikin ginin da ido yake gani. Rubutaccen Tarihin Kano da ake dogara da shi a ƙarshen ƙarni na 19 aka tattara shi, wato kusan shekara 400 bayan Rumfa. Ya lissafa abubuwan da Rumfa ya fara: fada, faɗaɗa ganuwa, kasuwar Kurmi, Tara ta Kano (majalisar manyan masu sarauta tara), kakaki, figini, takalman gashin jimina. Zancen Gidan Makama kuwa labarin baka ne ya fi ɗauke da shi. Labarin baka ba ƙarya ba ne, amma ba zai gaya maka wane bango ne aka rushe aka sake a zamanin wane ba.

Jikan_Magina:
Salamu alaikum. Ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma a gidan gini na tashi, kakana da mahaifina duk da tubali suka ci abinci. Malam Ɗan Yakasai, katangar da kake magana a kai, wadda ke zubewa bayan damina kaɗan, katangar talaka ce, siririya, an yi ta da gaggawa. Ginin manya daban ne tun daga ƙasar.

Ba kowace ƙasa ake gini da ita ba. Jar ƙasa ake nema, birji mai tsakuwa-tsakuwa. Kududdufan da kuke gani a cikin gari, da yawansu ramin da aka ɗebi ƙasar gini ne. A jiƙa ta, a zuba ciyawa da shimfiɗar da aka kwaso daga bargar doki, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a dawo a sake jiƙawa a sake takawa. Sai ta yi danƙo sannan a mulmula tubali da hannu, gindi faffaɗa, kai tsini, a shanya a rana har ya bushe ƙarau. Wajen ɗorawa kuma tsinin ne ke kallon sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. A babban soro za ka ga an jera tubali sahu-sahu a gindin bango, kaurin ya fi mita guda, yana hawa yana sirancewa. Irin wannan bangon ruwan sama fatarsa kawai yake ci. Cikinsa yana nan.

Abin da ke kashe soro biyu ne: ruwa ya kwanta a rufi, ko ya kwanta a gindi. In indararo yana zubar da ruwa nesa da bango, in ana hawa kowace shekara kafin ruwa ya sauka ana toshe tsaga, to wallahi jikanka ma zai bar shi a tsaye. Ban ce kowane tubali na Gidan Makama hannun maginan Rumfa ne ya mulmula shi ba. Amma cewa ƙasa ba ta iya daɗewa, wannan ban yarda ba.

Dan_Yakasai:
Gwani, na gode, amma ai ka ƙarfafa maganata ne. In kowace shekara ana yaɓe, bayan wasu shekaru a sauke rufi a sake, bangon da ya tsage a rushe a tayar, to bayan ƙarni biyar me ya rage na Rumfa?

Jikan_Magina:
To ka je Kurmi ka nuna mini rumfa ɗaya da ta rage tun zamaninsa. Babu. Amma ka taɓa jin wanda ya ce Kurmi ba kasuwar Rumfa ba ce? Mu a wajenmu, in aka sauke soro aka mayar da shi a kan tushensa, da faɗinsa da tsayinsa da irin ɗaurinsa, soron nan ne dai. Sau da yawa ma ƙasar da aka sauke ita ake sake jiƙawa a mayar, don ta fi sabuwa kyau.

Uwar_Biyu:
Ni dai ba ruwana da rigimar shekaru. Na kai yarana lokacin hutu, abin da ya ba ni mamaki sanyin wurin. A waje rana kamar ta fasa kai, muna shiga zauren farko sai ka ce an kunna na'ura. Ƙaramar tawa ta tsaya ta ɗaga kai tana kallon rufin, ta ce Umma waye ya yi wa ɗakin nan kitso? Saboda yadda azarar ta jeru tsakanin bakunan. A ɗakin amarya kuwa da ƙyar na janye su, sun ga jeren tasoshi da gado irin na da, suna ta tambaya wai a ina ake ajiye talabijin. Duk wanda bai kai 'ya'yansa ba ya kai su, kuɗin shiga ba wani abu ba ne.

Mai_Shayi_Online:
Hajiya, wallahi ɗakin amaryar nan ya fi na yanzu rufin asiri. Ba kujerun bashi.

Injiniya_Kabuga:
Sanyin da Hajiya ta ji ba wani sirri ba ne. Bango mai kauri yana shan zafin rana a hankali, kafin zafin ya ratsa zuwa ciki yamma ta yi. Da dare kuma ya riƙa sakinsa, shi ya sa soro yake da ɗumi lokacin hunturu. Ga rufi mai tsayi, ga tagogi ƙanana a can sama, iska mai zafi ta taru a sama ta fice. Bulo mai rami da kwano ba za su taɓa ba ka wannan ba.

Abin da ya fi burge ni a matsayina na mai aikin gini shi ne yadda suka warware matsalar faɗin ɗaki. Azara, wato gangar giginya da aka tsaga, gara ba ta cika cin ta ba, amma in ka shimfiɗa ta ba tallafi ba ta ɗaukar nauyin ƙasa fiye da wajen mita 2. To ta yaya za ka rufe zauren da ya ninka haka sau uku ko huɗu ba ginshiƙi a tsakiya? Sai suka riƙa dasa azara a cikin bango tana leƙowa, a ɗaura wata a kanta ta ƙara leƙowa, daga wannan bango da wancan, har su haɗu a tsakiya, a lulluɓe da ƙasa. Bakan gizo ke nan. In bakuna suka gitta juna sai rufin ya rabu gida-gida, kowane gida bai fi ƙarfin azara ba. A ido kamar baka irin na dutse, alhali a ciki itace ne yake aikin da rodi ke yi a kankare.

Bazazzage_77:
To tunda an zo kan bakan gizo, a ba mu wuri. Kanawa, ku yi haƙuri, gwanintar nan a Zariya ta kai maƙura. Babban Gwani Muhammadu Durugu shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Har yau akwai unguwar Babban Gwani a cikin birni. Abin da ya sa na kawo wannan: manyan bakunan da muka tabbatar da shekarunsu a ƙasar Hausa na ƙarni na 19 ne. Don haka ni ina tare da Ɗan Yakasai rabi. Ko da tushen Gidan Makama na ƙarni na 15 ne, ina ganin rufin da ake ɗaukar hoto a ƙarƙashinsa ya fi kama da aikin bayan jihadi.

Bakanon_Dabo:
Na san za a rina. Ba a taɓa zancen Kano Bazazzage bai sako Zariya ba. Masallacin naku ma ai a shekarun 1970 kuka lulluɓe shi da ginin kankare, wanda yake son ganin cikakken kamanninsa sai ya tafi Jos ya kalli kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya.

Bazazzage_77:
Kwafin ganuwarku ma yana can Jos ɗin, kusa da namu. Yadda kuke yanka ta kuna fili, wataƙila shi zai rage.

Dattijon_Soro:
Yara, ku sassauta. Akwai abin da ba wanda ya taɓo, kuma shi ne ya fi canza gidan nan fiye da ruwan sama: hannun da ya riƙa juya shi.

Bayan jihadi, da aka kawar da Sarki Alwali, sarautar Makama ta koma gidan Joɓawa, kuma har yau Makama yana cikin masu zaɓen sarki huɗu, tare da Madaki da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Gidan da mai irin wannan muƙami yake zaune ba ya tsayawa yadda aka same shi. Iyali na ƙaruwa, bayi da barori da dawaki, wannan ya ƙara shigifa, wancan ya fitar da sabon zaure.

Sai Fabrairun 1903, Turawa suka ci Kano, Sarki Alu yana Sakkwato. Suka yi amfani da Gidan Makama a matsayin ofis na wani lokaci kafin su koma wajen gari. Bature kuwa in ya shiga soro, abu na farko da yake nema taga ce. Daga baya aka raba gidan uku: wani sashe ya zama makarantar firamare, wani ya zama gidan kayan tarihi, wani ya rage na Makama. A 1959 aka sanya shi cikin wuraren tarihi da gwamnati ke karewa. Saboda haka wanda ya biya kuɗi ya shiga yau, yanki yake gani, ba gidan ba. Kuma an tsara yankin ne don mai yawon kallo ya bi daga ɗaki zuwa ɗaki, ba yadda mai gida da baƙonsa za su bi ba.

Gidan babban mutum a da, matakai ne. Zauren farko na kowa ne, nan ake sallama, nan almajiri da mai kawo ƙara suke tsayawa. Ka wuce shi ka faɗa ƙofar gida, filin da samari da baƙi da dawaki suke. Sai shigifa, wadda ba ya wuce ta sai muharrami ko yaro. Kuma ba a taɓa sa ƙofofin su kalli juna, don kada ido ya zarce cikin gida. Yawan zaurukan da za ka ratsa kafin ka ga mai gida, shi ne girmansa. Idan kuna neman abin da ya daɗe a Gidan Makama, ni a wannan jerin zan nema, ba a yaɓen bango ba.

Dalibar_Tarihi:
Allah ya ƙara girma, Baba. Wannan batu na matakai ya fi duk abin da na kawo.

Sabon_Shiga:
Don Allah a gafarce ni, wannan gidan shi ne wanda Baturen nan mai makaranta ya zauna? Na ga hotonsa da zane-zane a bango.

Dalibar_Tarihi:
A'a, wancan Gidan Ɗan Hausa ne, yana Nasarawa, wajen ganuwa. Hanns Vischer ne ya zauna a ciki, haifaffen Suwizalan, wanda ya ratso Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, ya kuma buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909. Gidan na farkon ƙarni na 20 ne, maginan Kano suka yi shi da tubali da azara amma aka saka masa abubuwan da Bature yake so. Yana hannun hukumar tarihi da al'adu ta jiha, Gidan Makama kuwa yana hannun hukumar gidajen tarihi ta tarayya. Mutane suna yawan haɗa su.

Kuma tunda ka ambaci zane: yawan adon da ake yi wa fuskar gida ta waje, dagi da sauransu har da hoton keke da agogo da mota a wasu gidajen, a ƙarni na 20 ya bunƙasa, lokacin da 'yan kasuwa suka samu kuɗi. Manyan mutanen zamanin da sun fi zuba adonsu a ciki, a jikin baka da rufi. To kada wani ya ga zane a bango ya ce shi ne shaidar tsufa.

Dan_Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Muna bin muhawarar nan da daɗi don mu ma ga namu. Gidan Sarkin Damagaram da ke cikin Birni na tsakiyar ƙarni na 19 ne, zamanin Sarki Tanimun, kuma har yanzu sarki na ciki. In ka zaga unguwar Birni za ka ga gidajen attajiran da, masu zanko da zane, wasu an gyara wasu sun durƙushe. Abin da na lura, gidan da mutane ke kwana a ciki ya fi daɗewa bisa wanda aka kulle aka ce na tarihi ne. Mai kwana a ɗaki shi ke fara jin ɗigon ruwa. A Agadas ma hasumiyar masallaci mita 27 ce, ta ƙasa zalla, tun ƙarni na 16 ake maganarta, an sake ta a ƙarni na 19, kuma ba wanda ya ce don haka ba ita ba ce. UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013.

Dan_Yakasai:
Ka gani, Ɗan Damagaram, su sun faɗi gaskiya: an gina a ƙarni kaza, an sake a ƙarni kaza. Abin da nake nema a yi wa Gidan Makama ke nan. A rubuta a allo, wannan sashen tsoho ne, wannan an sake shi. Ba a dunƙule a ce komai na Rumfa ne ba.

Yar_Kofar_Mata:
Ina so in ƙara wani abu kan maganar Gwani, don gidanmu marina ne. Mutane ba su san rufin soro da marina a ɗaure suke ba. Lason da ake shafe rufi da shi don kada ruwa ya ratsa, da katsi ake yi, wato laka mai shuɗi-shuɗi da ke kwantawa a gindin karofi. A kwashe ta, a shanya, a ƙona, a daka. Sai a haɗa da gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan tsiron dafara mai yauƙi. Kakata tana ba mu labari magina har layi suke yi a bakin karofi kafin damina. Yanzu karofi nawa ne ke aiki? Majema nawa suka rage masu jima irin ta da? To ko ka samu gwanin magini, in ba katsi me zai shafa? Shi ya sa gyaran gidajen nan ya fi ƙarfin magini shi kaɗai.

Jikan_Magina:
Allah ya yi miki albarka, 'yar'uwa, kin faɗi abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Haka makuba, da kwasfar ɗorawa ake yin ta, a shafe bango a bi da yatsu, shi ne wannan zanen kamar sawun tsintsiya da kuke gani. Ɗorawar ma an sare ta an yi gawayi. Azara kuwa ta namijin giginya muke so, wadda ta tsufa ta yi baƙi, in ka ƙwanƙwasa ta ji ƙara kamar ƙarfe. Wadda ake kawowa yanzu rabinta ɗanya ce, fara, gara na gani ta yi biki.

Baban_Ikilima:
Ku yi mini uzuri zan ɗan ɓata muku rai. Duk masu yabon ginin ƙasa a nan, a gidan bulo kuke kwana. Ni na kwana a soro har na yi aure. Na san tashin tsakar dare a watan Agusta ana tara kwanuka ana tarar yoyo. Na san fargabar da uwa take yi in ruwa ya kwana uku bai ɗauke ba. Kowace damina sai mun ji labarin gini ya faɗa wa mutane a cikin gari. Gidan Makama yana tsaye don gidan masu mulki ne, da akwai masu yi masa aiki, yanzu kuma akwai gwamnati. Talaka da ya samu kuɗin kwano ya tsere wa soro, kada a ce ya watsar da al'ada.

Injiniya_Kabuga:
Ba ka yi ƙarya ba, Baban Ikilima. Amma ka duba gidajen da ke faɗuwa. Da yawansu an yi musu filastar siminti a kan ƙasa. Siminti da ƙasa ba sa tafiya tare: ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ba hanyar fita, bangon ya riƙa jiƙewa a ɓoye, waje kuwa sumul. Rana ɗaya sai ya sulale. Ga kwata da aka toshe, ga titi da aka ɗaga ya fi gindin gida tsayi, ruwan unguwa duka ya koma jikin bango. Maginin da ya tayar da gidan bai san da wannan ba.

Marayan_Zaure:
Ni abin da ya ci gidanmu ba ruwa ba ne, rabon gado ne. Gidan kakanmu a cikin gari yana da zaure mai bakan gizo, da soron bene da ake hawa ta matakalar ƙasa, kowane taki ya lotsa a tsakiya saboda sawu. A tsakiyar rufin zauren akwai wata tasa da aka manna, muna yara muna jifanta da ƙwallon goruba. Da tsohon ya rasu magada sun yi yawa, ba mai iya sayen rabon sauran, ba kuma mai yarda ya kashe kuɗinsa a gyaran abin da ba nasa shi kaɗai ba. Aka sayar. Wanda ya saya ko sati bai yi ba ya sa aka baje, yanzu shaguna ne. Azarar ma wani mai gidan burodi ya kwashe. Ban zargi kowa ba, hakkin magada ne. Amma da Gidan Makama gidan gado ne irin namu, da tuni ana sayar da atamfa a wurin.

Uwar_Biyu:
Allah sarki. Wannan ya taɓa ni. Allah ya jiƙan magabata.

Bakanon_Dabo:
Amin. Kuma wannan ya isa amsa ga masu cewa fili ne kawai. A ƙofar gidan akwai manyan randunan da aka tono a Ƙofar Kabuga, ga igwa biyu na zamanin Turawa, a ciki ga tsohon ƙyauren ƙofar gari, ga tarihin basasar Tukur da Yusufawa, ga kayan yaƙi da na kiɗa, ɗakunan nuni har 11. Wane fili ne zai riƙe maka wannan?

Bazazzage_77:
Bakano, kayan da ke ciki daban, ginin daban. Randar Kabuga ba ta tabbatar da shekarun bangon da aka jingina ta.

Dan_Yakasai:
Yawwa. Injiniya, ba akwai gwajin da ake yi wa itace a san shekarunsa ba? Me zai hana a ɗan ɓanɓari azara ɗaya daga zauren da ake ganin ya fi tsufa a kai ɗakin bincike, a huta da gardama?

Injiniya_Kabuga:
Akwai, gwajin sinadarin kabon. Amma abin da zai gaya maka shi ne zamanin da giginyar ta rayu, ba ranar da aka ɗora ta a rufi ba. Kuma ka ji abin da Gwani ya ce, magina ba sa yar da azara mai kyau. Za a iya ciro ta daga rusasshen gida a sa a sabo, za a iya kuma sa sabuwa a tsohon bango. In ta fito tsohuwa, Bazazzage zai ce aro aka yi. In ta fito sabuwa, Bakano zai ce gyara ne. Abin da zai fi amfani shi ne a yi tono a gindin bango a ga daɓe nawa ne a kan juna, da irin kaskon da ke kowane hawa. Tsofaffin gidajen birni sau da yawa sai ka gangara kake shiga, don titi ya hau su.

Dattijon_Soro:
Ɗana Ɗan Yakasai, allon da kake nema abu ne mai kyau, ina goyon baya. Amma ka sani ko an rubuta, gardamar ba za ta mutu ba, don kai da Gwani ba abu ɗaya kuke kira gida ba.

Dalibar_Tarihi:
Ni abin da ke damuna ya wuce shekarun. Tun 2007 ganuwar Kano da wuraren da ke tattare da ita suke cikin jerin jiran UNESCO, har yau ba su shiga ba, ganuwar kuma kullum raguwa take. Agadas ta shiga ta bar mu. Ɗaliban zanen gine-gine nawa ne suka taɓa zama da magini irin Gwani suka auna yadda ake ɗaure ƙafar baka? Mutumin da ya fi kowa auna gine-ginen nan da zana su a takarda ɗan ƙasar Folan ne, Dmochowski.

Sabon_Shiga:
Gwani, tambaya ta gefe. Ina gini a bayan gari, na riga na yi bulo, amma ina sha'awar in yi zauren ƙofar gida da tubali da baka ko guda biyu ne. Zai yiwu a haɗa? Kuma su zankwayen nan dole ne, ko ado ne kawai?

Jikan_Magina:
Zai yiwu, amma ka ware shi da jikin bulon, kowanne ya tsaya da ƙafarsa, kada ka ɗaure su. Ka sa dutse a tushe ya ɗago daga ƙasa. Zanko ado ne, amma yana ƙara wa kusurwa nauyi, nan ne kuma ruwa ya fi ci, mu kan kuma maƙala igiya a jikinsa in za a hau gyara. Kada ka fara yanzu, tubali ba ya bushewa da damina, ka bari sai an gama girbi iska ta juyo. Kafin nan ka fara neman azara, don ita za ta fi ba ka wahala, kuma kada ka biya kuɗi sai wanda ya san ta ya ƙwanƙwasa maka ɗaya bayan ɗaya.

Mai_Shayi_Online:
In an gama zauren a kira mu buɗewa, ni zan kawo shayi. Bazazzage ya zo da nasa kofin.